Ɗigo Biyu a Jikin Injin Auta

A layin masu gyaran mota, can ƙarshe inda kwalta ta ƙare, akwai wani gareji mai ƙofar kwano wanda ba ya taɓa cika. Mota ɗaya za ka gani a ciki, wani lokaci ma babu, sai inji a kan benci an lulluɓe shi da tsohon zanen gado. Mai wurin dattijo ne gajere mai kauri, kowa Mai Sikeli yake ce masa, har matarsa idan ta so tsokana. Shekara talatin da huɗu ke nan yana wannan aiki, kuma abu ɗaya ya riƙe. Ba ya canza taya, ba ya taɓa birki, idan ka kawo masa matsalar wuta sai ya nuna maka shagon maƙwabcinsa da haɓa ya ci gaba da abin da yake yi. Shi dai inji. Ka kawo masa wanda ya buga, ya warware shi har noti na ƙarshe, ya wanke, ya auna, ya mayar, ka zo ka ɗauka ranar da ya ce, ba ranar da kai kake so ba.

Sunan kuwa daga halinsa ya fito. Duk fistin da zai sa a inji sai ya ɗora shi a kan sikeli, haka ma konrod, wato sandar ƙarfen nan da ke riƙe fistin tana kai shi sama tana dawo da shi ƙasa. Idan ɗaya ya fi 'yan uwansa nauyi, ko da na ƙwayar wake biyu ne, to ba zai shiga ba. Sauran makanikai sun yi dariya har sun gaji. Suka ce ai ya yi ɓatan kai, kasuwar masu zinariya ya kamata ya buɗe shago. Shi ko kallonsu ba ya yi. Abin da yake cewa kawai shi ne, mutum huɗu ne ke ɗauke da gado za su sauka daga bene, idan ɗaya ya fi sauran sauri, wani zai ji a ƙugunsa. Da shekaru suka tafi, masu dariyar nan su ne suka riƙa turo masa injinan da suka gagare su, a ɓoye, suna roƙon kada ya faɗa wa mai motar.

Yana da wata al'ada tasa shi kaɗai. Ranar da ya gama inji, aka tashe shi ya ji muryarsa ta kwanta masa a rai, sai ya ɗauko wata ƙusa mai tsini da ƙaramar guduma, ya buga ɗigo ɗaya a jikin bulok, wato gangar jikin injin, dab da lambar injin. Shi ne sa hannunsa. Direbobi sun san da wannan ɗigo, har idan za a sayar da mota sai ka ga mai saye ya buɗe gaba yana goge maiƙo da ɗan yatsa yana nema. Kuma a duk shekarun nan, ba a taɓa jawo masa injin da ke da ɗigonsa an ce ya sake bugawa ba. Ba ya faɗin wannan da bakinsa, amma wallahi da shi yake taƙama, fiye da gidan da ya gina da 'ya'yan da ya aurar.

To, amma akwai abin da yake ɓoyewa. Shekara biyu ke nan idonsa ya fara yi masa gardama. Manyan abubuwa yana gani sarai, amma ƙananan rubutu da alamu sun koma kamar ana kallonsu ta gilashin da aka shafa wa mai. Bai faɗa wa kowa ba. Ya san layin nan, magana ɗaya ce za ta fita da safe, kafin la'asar an ce Mai Sikeli ya makance, shi ke nan ɗigon ya zama tarihi. Sai ya mayar da babban yatsansa ido. Lambobin da aka buga a jikin ƙarfe, da 'yan alamun da ke nuna gaba da baya, duk shafawa yake yi ya karanta, kuma aiki na tafiya kamar da.

Lambobin sikeli ne kawai yatsa ba ya iya karantawa, amma nan Allah ya rufa masa asiri ta hanyar da bai nema ba. Tsohon sikelinsa mai allura ya lalace, sai ya koma aron na matarsa. Ita sabulu take yi a gida, tana da wani ɗan sikeli mai batir da take auna soda da turare. Ranar farko da ya ara ya dawo mata da shi da baƙin mai, ta yi faɗa kamar ya ƙona mata ɗaki, ta rantse ba zai ƙara fita daga hannunta ba sai dai ta bi shi. Tun daga nan, duk ranar awo sai ta yafa mayafi ta taho gareji da sikelinta a cikin jaka, ta shimfiɗa jarida a kan benci, ta zauna a kan kujerar roba. Shi yana ɗorawa, ita tana karanta lamba tana mita. Yana nuna kamar abin ya dame shi, har yana ce wa maƙwabta mace ta hana shi sakat a kan sikelin da bai kai tafin hannu ba. A ransa kuwa godiya yake yi.

Ana cikin haka sai ga motar Auta an jawo ta da igiya. Auta ƙanensa ne, na ƙarshe a ɗakinsu. Yanzu ya haura hamsin, furfura ta cinye masa gemu, amma har gobe Auta ne, kuma har gobe idan Yaya ya ɗaga murya sai ya sunkuyar da kai. Direba ne, yana da a-kori-kura mai injin dizal da turbo, da ita yake ɗaukar kayan lambu daga gonakin bayan tsauni zuwa kasuwa, hanya ce mai hawa da gangara wadda ba ta yafe wa inji. Injin ya taɓa bugawa bara, Auta ya ga Yaya zai riƙe shi wata guda, sai ya lallaɓa ya kai wa wani mai saurin hannu, aka haɗa masa cikin kwana huɗu. Wata bakwai ya yi. Yanzu ga shi ya dawo yana susar ƙeya.

Da Mai Sikeli ya buɗe injin, ya zaro fistin na biyu, sai ya miƙa wa Auta. Kan fistin ɗin ya narke ya rufta kamar an danna kyandir da yatsa, konrod ɗin kuma ta ɗan lanƙwashe. Sai da Auta ya gama juya shi a hannu sannan aka fara yi masa karatu. Ya ce masa wannan fistin na injin da ba shi da turbo ne. Faɗinsu ɗaya, tsayinsu kusan ɗaya, idan ka sa zai shiga lafiya lau, shi ya sa marasa haƙuri suke sawa. Amma turbo aikinta cusa iska da ƙarfi, wuta ta ninka, bugu ya ninka, kuma duk a kan fistin da konrod yake sauka. Na turbo kansa ya fi kauri, akwai hanyar mai a cikinsa da ke sanyaya shi, sandarsa ta fi ƙwari. Ya ce wanda ya haɗa wannan ya sa wa ɗan dako takalmin zuwa ofis ne kawai. Auta ya ce a yi haƙuri, Yaya. Mai Sikeli ya ce ba shi zai ba haƙuri ba, injin zai ba.

A gida da aka ba matar labari, ta ce ita wannan turbo da ake ta faɗa, tabo, tabo, ta ɗauka wani datti ne ya kama motar, da an kawo mata da ta wanke shi da sabulunta. Auta ya ce ai matar Yaya, da sabulunki yana fitar da irin wannan da tuni kin sayi jirgi. Ta ce shi dai ya ci abinci ya yi shiru, mutumin da ya guji yayansa ya je aka narka masa inji ba shi da bakin magana a gidanta. Haka suke, tun yana saurayi take tsokanarsa, shi kuma ba ya gajiya da ramawa.

Washegari Mai Sikeli ya tafi wurin mai kayan mota da kansa, don wannan sayayya ba ya aike. Mai shagon ya zubo masa kwalaye kala biyu yana rantsuwa duk abu ɗaya ne, kwali ne kawai ya bambanta. Dattijon ya jawo kwalayen gabansa. Ya zaro fistin daga kowane kwali, ya kifa, ya zura ɗan yatsa a ƙarƙashi yana laluben ramin mai. Ɗaya yana da shi, ɗaya babu. Ya ture wanda babu gefe. Sai konrod. Ya sa aka fito masa da guda tara, ya rataye kowace da waya ya ƙwanƙwasa ta da sifana yana kasa kunne. Mai lafiya ƙararta tana daɗewa, mai tsaga a ciki kuwa sai ta ce ƙwas ta mutu nan take. Biyu suka faɗi jarrabawa. Ya tafi da bakwai a kan zai dawo da uku bayan awo, mai shagon yana binsa da kallo yana cewa Allah ya raba shi da ciniki irin na Baba.

Awon ya ci musu safiya guda. Tana karantawa yana jerawa, har suka fitar da konrod huɗu da suka yi kai ɗaya, fistin ɗaya kuma da ya ɗara 'yan uwansa kaɗan ya goge shi ta ciki har ya sauko. Irin wannan safiya ita ce daɗin duniyarsa. Ƙofa a buɗe, rediyon maƙwabci yana ta surutu, warin kananzir ya gauraya da ƙamshin sabulun da ke jikin jakarta, tana ba shi labarin 'yarsu ta fari da rigimar da take yi da telanta, shi kuma yana cewa uhm ba tare da ya ji rabi ba.

Matsala ta ɓullo ne ranar haɗawa. Kowane fistin yana da 'yar kibiya a kansa da ke nuna gaban inji, kuma dole ta kalli gaba. A da buga ta ake yi a cikin ƙarfe, yatsa yana ji. Waɗannan sababbin kuwa, da ya shafa sai ya ji sumul. An zana kibiyar ce kawai, siririya, launin toka a kan launin toka. Ya leƙa waje, babu kowa, sai ya ɗauki na farko ya fita bakin ƙofa, ya karkata shi a rana yana ƙanƙance ido har kibiyar ta ɗan bayyana. Ya koma ya haɗa shi da sandarsa. Haka ya yi wa na biyu. Ya ɗauki na uku ke nan zai fita sai ga Auta ya yi sallama, ya shigo ya samu gwangwani ya zauna, wai ya zo taya Yaya hira.

Kai, kunya muguwar aba ce. Mutumin da ya koya wa Auta ɗaura igiyar takalmi, yau ya tsaya a gabansa yana juya ƙarfe a rana kamar mai neman allura? Ya kasa. Ya kalli fistin ɗin a nan cikin inuwa, ya ga wani abu kamar kibiya, ya ce wa ransa ita ce, ya haɗa. Da Auta ya fita sayen ruwa, dattijon ya samu ya duba na huɗu a rana. Na ukun kuwa ya bar shi, don ya riga ya gaya wa kansa ya gani, kuma mutum irinsa ba ya son ƙaryata kansa. Kafin azahar duka huɗun sun shiga bulok, an ɗaure ƙasa, saura a ɗora kan injin a rufe.

Da la'asar matar ta biyo. Ta manta murfin sikelinta ranar awo, ga shi kuma ta kawo musu shayi a fulas. Ta tsaya a gefen benci tana kallon kawunan fistin huɗu a jere suna ƙyalli, Auta yana ta yi mata bayanin abin da shi ma jiya ya koya. Ta daɗe tana kallo. Sai ta juya ta ce wa Auta ta manta sukari, ya taimaka ya karɓo a shagon bakin titi, ba na kusa ba, na kusa sukarinsa yana da danshi. Ya tafi yana ƙunƙuni wai an mayar da mai furfura ɗan aike.

Sai da ta ga ya yi nisa sannan ta yi magana, a hankali, ba ta ma kalli mijin ba.

"Malam, ni ban san aikinku ba. Amma waɗannan ukun kibiyarsu ƙofa take kallo. Wannan na ukun shi kaɗai bango yake kallo. Haka ake yi?"

Ya ajiye kofin da ke hannunsa, ya dafa benci. Ya san abin da hakan yake nufi fiye da kowa a layin nan. Injin zai tashi, zai yi murya mai daɗi, shi kuma zai buga ɗigonsa ya miƙa makulli. Sati biyu, ko wata guda, wata rana Auta yana tsakiyar hawa da lodi a baya, wuta tana cin gefen da bai kamata ba, sai inji ya tarwatse. Ɗan ɗakinsu, a kan wannan hanya. Ya jawo gwangwanin da Auta ya tashi a kai ya zauna. Tsoro ya ji, sannan kunya, kuma kunyar ta fi yawa.

Can ya ce, "Ba na gani sosai, uwar yara. Ya daɗe."

"Na sani," in ji ta. "Tun ranar da ka ce wayarka ce ta lalace, rubutunta ya dushe. Ni na duba, lafiyarta ƙalau." Ta ɗauki murfin sikelin ta goge shi da gefen mayafi. "Kai a zatonka saboda ɗan baƙin mai nake barin tukunyar sabulu a kan wuta ina biyo ka? Sikeli nawa ne a duniya?"

Ya ɗaga kai ya kalle ta. Shekara biyu yana ba maƙwabta labarin rowar matarsa, ashe ita ce take riƙe da shi ta inda ba zai ji an riƙe shi ba. Ya so ya yi faɗa, don shi ne abin da ya fi sauƙi, amma bai samu inda zai kama ba. Ta ce masa 'yarsu ta daɗe da yi wa likitan ido magana, an ce wataƙila yanar ido ce, kuma cire ta ba wani abu ba ne a yanzu, ita dai tana jiran ranar da zai faɗa da bakinsa ne. Ya ce to ya faɗa. Ta ce to ranar Litinin.

Da Auta ya dawo da sukari ya tarar Yaya ya kwance ƙasan injin yana zaro na uku. Ya tambaya lafiya, aka ce masa ya sha shayinsa. Dattijon ya cire fil ɗin da ke haɗa fistin da sandarsa, ya juya fistin ɗin, ya mayar, ya sake ɗaure komai daga farko, noti bayan noti, har na waɗanda bai taɓa ba. Matar tana zaune a kujerarta ta roba tana kallo, sai da ya mayar ya ɗan kalli wajenta, ta gyaɗa kai kaɗan.

Kwana uku bayan haka aka mayar da injin cikin mota. Da hantsi ne, ita ma ta zo, wai ta biyo ta karɓi fulas ɗinta. Auta ya murɗa makulli, injin ya yi tari sau biyu ya kama, ya zauna daram, ko kofin da aka ɗora a kansa bai motsa ba. Mai Sikeli ya tsaya ya rufe ido yana saurare har ƙarfe ya ɗauki zafi, turbo tana 'yar fito a ƙasa-ƙasa. Maƙwabta biyu sun leƙo, mai gyaran wuta da mai walda, don kowa ya san abin da ke biyo baya.

Ya ɗauko ƙusarsa da guduma. Ya laluba lambar injin da yatsa, ya kafa tsinin, ya buga. Ɗigo ɗaya. Auta har ya fara godiya, sai ya ga Yaya bai ajiye gudumar ba. Ya matsar da ƙusar gefe kaɗan ya sake kafawa, sannan ya ɗaga murya yadda duk wanda ke bakin ƙofa zai ji.

"Uwar yara, zo ki duba mini. Idona ba ya kai wa nan. Ya yi daidai da na farkon?"

Mai walda ya kalli mai gyaran wuta. Ita kuwa ta ajiye fulas, ta tattare mayafinta kada ya taɓa mai, ta sunkuya ta duba da kyau, ba ta yi sauri ba.

"Ɗan yi sama kaɗan," in ji ta. "Yawwa, nan."

Ya buga.